Gas, gawayi ko murhu mai tsimin itace: wanne za a sa wa amarya a kicin?

Maganar nan a gidan Yaya ta taso, ranar da muka zauna lissafin kayan ɗakin 'yarta, biki saura wata biyu, kuɗi kuma kun san yadda suke yanzu. An gama da gado da katifa da kujeru lafiya lau, ana zuwa kan kicin sai gardama ta ɓarke. Amarya ta ce ita gas take so mai kai huɗu irin na ƙawarta, Inna ta ce wallahi ba za a kai wa jikarta bam cikin ɗaki tana raye ba, a sayi mangal da buhun gawayi biyu kowa ya huta, Yaya kuwa tagumi ta yi tana kallon takardar lissafi don ita ce mai fitar da kuɗin. Ni da nake tsakiya na ce a kira ƙaninmu, malamin sakandare ne, kimiyya ya karanta a jami'ar Danfodiyo da ke Sakkwato, kuma tun yana ɗalibi yake damun mu da zancen murhu muna masa dariya.

Da ya zo ya ji kan zancen sai ya ce, "Yaya, ku daina tambayar wanne ya fi araha a kasuwa, ku tambayi nawa ne yake shiga tukunya." To wannan maganar ce ta sa na zauna rubuta wannan, don na san ba mu kaɗai ne muke wannan gardamar ba.

Abin da yake nufi shi ne duk wutar da kika hura ba dukkanta ce take dafa abinci ba. A murhunmu na gado mai duwatsu uku, cikin kashi 100 na zafin itacen, abin da yake shiga tukunya bai wuce kashi 10 zuwa 15 ba, sauran duk iska ce take kwashewa, ya dafa miki ƙafa ya dafa bango ya dafa sararin samaniya. Mangal ko kurfoti na maƙera ya ɗan fi, kamar kashi 20 zuwa 25. Gas yana kai wajen rabi ko fiye kaɗan. Sannan su kansu makamashin ba ƙarfinsu ɗaya ba, kilo ɗaya na gas ya ninka kilo ɗaya na busasshen itace zafi kamar sau uku, gawayi kuma yana tsakiya. Idan aka haɗa lissafin biyu, abin da ya fito, kuma shi nake so kowa ta riƙe ko ta manta sauran, shi ne girkin da kilo 1 na gas zai yi miki sai kin ƙona gawayi kamar kilo 4 a mangal na gama-gari, ko itace kamar kilo 12 a duwatsu uku, ko wutar lantarki yunit 8 zuwa 10 gwargwadon irin na'urar. Kenan silinda mai kilo 12.5 tana daidai da gawayi wajen kilo 50, ƙaramar mai kilo 6 kuma wajen kilo 24.

Kin ga yanzu abin ya zo da sauƙi. Ki tambayi kuɗin kilo ɗaya na gas a unguwarku yau, ki tambayi kuɗin kilo huɗu na gawayi, wanda ya fi ƙasa shi ne mai arahar. Matsalar dai gawayi ba a kilo ake sayar mana da shi ba, a leda ne ko kwano ko buhu, kuma ledar bara ba ita ce ledar bana ba, kuɗin yana nan yadda yake amma ledar tana ramewa. Ni abin da na yi, na ɗauki ledar da nake saya kullum na kai wa mai kifi ya ɗora min a sikelinsa, da na ga nauyin sai da na yi shiru. Mai sayen buhu daga masu sari ita tana cin riba sosai, musamman in ta saya da rani kafin ruwa ya sauka farashi ya tashi. Amma mai sayen leda-leda safe da yamma, sau da yawa kuɗin gas take biya ko fiye ba ta sani ba, kawai don yana fita kaɗan-kaɗan ne ba ta jin zafinsa.

Sannan akwai asarar da sikeli ba ya nunawa. Gawayi sai kin jira ya kama, minti goma sha biyar kina fifita, wasu ma da leda ko tsohon silifas suke kunna shi, wannan hayaƙin kuwa guba ne tsantsa ku daina don Allah. In kin gama girki garwashi yana nan yana ci har ya zama toka sai in kin kashe shi kin adana. Gas kuwa kina murɗawa ya kama kina murɗawa ya mutu. Don haka a ƙaramin girki, ruwan shayi, ɗumame, indomi, kunun jariri da tsakar dare, soya ƙwai, gas ya yi wa gawayi nisa ba ma kusa ba. Inda gawayi yake ramawa shi ne dogon girki, wake, ganda, ƙafar saniya, dambun nama, farfesun kai, abin da zai yi awa biyu uku a kan wuta, nan kam in kika ɗora a gas kina jin ƙarar wutar kina jin zuciyarki tana bugawa.

Bara in ɗan tsaya a kan gwamnati, don abin ya ba ni mamaki kuma ya ba ni haushi lokaci guda. Ashe duk lissafin nan ba sabo ba ne. Akwai Hukumar Makamashi ta Ƙasa da aka yi dokarta tun 1979 ta fara aiki a 1989, tana da cibiyoyin bincike a jami'o'i, akwai ta Nsukka, akwai ta Legas da aikinta shi ne tsimin makamashi, sannan akwai tamu ta Sakkwato a cikin jami'ar Usmanu Danfodiyo da take aiki tun farkon shekarun 1980. Farfesa Abubakar Sani Sambo ya shugabanci ta Sakkwaton kafin daga baya ya zama shugaban hukumar gaba ɗaya. A can sun ƙera murhun itace mai tsimi, sun yi akwatin girki da hasken rana, na'urar busar da kayan gona da nama da rana, na'urar ɗumama ruwa, da ramin da ake zuba kashin shanu ya ba da gas na girki. Sama da shekara 40 kenan fa. Amma ki shiga gida goma a unguwarku ki tambaya wa ta taɓa ganin ko ɗaya daga ciki, ina jin ba za ki samu biyu ba. Binciken an yi, ba a ce ba a yi ba, sai dai ya tsaya a harabar jami'a da wuraren baje koli, bai gangaro wajen maƙerin unguwa da mai ginin tukwane ba, su ne kuwa masu yi mana murhu. Da a ce tun lokacin an bi kasuwa-kasuwa ana koya wa maƙera awon, tsawon nan kaza, ƙofar iska kaza, a sa yumɓu a ciki, da yanzu ba ma sai an yi wa kowa wa'azi ba.

Da gwamnati ta tashi yin abin da ƙarfi kuma sai aka bi ta hanyar kwangila. A watan Nuwamba na 2014, lokacin Jonathan, majalisar zartarwa ta amince da naira biliyan 9.2 don sayo murhu 750,000 da jakunkunan ƙarasa girki 18,000 a raba wa matan karkara. Surutu ya yi yawa, zaɓe ya zo, gwamnati ta canza, kwangilar ta shiga rigima, waɗanda aka shigo da su aka jibge a filin wasa na ƙasa a Abuja. Buhari kuma a 2021 ya ayyana shekaru goma na gas, a shekarar ce ma ya yi alkawari a taron sauyin yanayi na Glasgow cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa. A watan Maris na 2024 aka amince da manufar ƙasa ta girki mai tsafta, burin wai kowa ya samu zuwa 2030. Akwai kuma hukumar Babbar Ganuwar Bishiyoyi da aka kafa a 2015 don jihohi 11 da hamada take ci, Sakkwato, Kebbi, Zamfara, Katsina, Kano, Jigawa, Bauchi, Gombe, Yobe, Borno da Adamawa. Takardu masu kyau ne wallahi, ban raina ba. Abin da nake cewa kawai, wadda za ta kai 'yarta ɗaki nan da wata biyu kar ta zauna jiran rabon murhu.

Maƙwabtanmu na Nijar su sun ɗan fi mu kai abin ga jama'a. Tun shekarun 1960 suke da ofishin binciken hasken rana, wanda Farfesa Abdou Moumouni ya daɗe yana jagoranta, shi ne aka sa wa jami'ar Yamai sunansa. A shekarun 1980 aka yaɗa wani murhun ƙarfe a Yamai, sunansa ma da Hausa ne, Mai Sauƙi, kuma maƙeran gari aka koya wa suka riƙa ƙerawa suna sayarwa. Da matatar Damagaram ta fara aiki a 2011 kuma gas ya wadatu aka ƙayyade farashinsa, can tukunya ake musanya, ka kai wadda ta ƙare a ba ka cikakkiya. Mu nan kowa da silindarsa, wannan yana da daɗinsa don za ki iya zuba na ɗari biyar ko na dubu in shi kike da shi, amma illarsa babu mai duba lafiyar silindar sai ke.

To mu koma kan zaɓin. Gas tukuna, tunda shi amarya take so.

Daɗinsa ba sai an faɗa ba, babu hayaƙi, babu baƙin tukunya, babu jan ido, mace ta gama girki ta fito ba ta warin ƙauri, a gidan haya mai ɗaki da falo ko gidan sama kusan shi ne kawai mafita. Wahalarsa ta farko kuɗin shiga, silinda, kan girki, regileta, tiyo, sannan cikon farko, duk a lokaci ɗaya. Ta biyu farashi ba ya zama wuri ɗaya. A 2020 ana cika kilo 12.5 a kan kusan naira 4,000, zuwa ƙarshen 2024 ya haura 15,000 a wurare da yawa. Mutane suna cewa ta yaya ƙasar da take ƙona gas a banza a Neja Delta za ta saye shi da tsada haka, amsar ita ce da farashin kasuwar duniya ake auna shi, wani kason ma shigo da shi ake yi, da naira ta faɗi bayan Yunin 2023 sai ya bi dala, mu na Arewa kuma ga kuɗin tanka daga bakin teku har zuwa nan. Kamfanin gas na NLNG da ke Bonny ya ce daga 2022 duk gas ɗin girkin da yake samarwa a cikin gida zai sayar, gwamnati ta cire masa harajin VAT, ta kuma sanar da hana fitar da shi waje daga Nuwamban 2024, duk da haka yakan sauka ya sake hawa. Don haka duk wadda ta dogara da gas shi kaɗai, wata rana sai ta yi baƙi ya ƙare mata ana tsakiyar tuƙa tuwo da daddare. Ya faru da ni, talge yana kan wuta, ban ji daɗin ranar ba sam.

Tsoron Inna kuma ba na banza ba ne, amma yawancin gobarar gas sakaci ne da tsohon kaya. Shi gas asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wannan warin mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai don ki ji in yana zuba. Ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ba sama yake tashi ba, shi ya sa in kin ji wari ba taga kawai za ki buɗe ba har ƙofa, kar ki kunna ashana, kar ki taɓa makunnin lantarki ko kunnawa ko kashewa, ki rufe regileta ki fitar da yara. Gwajin yoyo da ruwan kumfar sabulu ake yi, in ya yi ƙwai-ƙwai to yana zuba, ba da ashana ba kamar yadda na taɓa ganin wani mai cikawa ya yi na kusa suma. Silinda tana da shekaru, a ƙa'idar SON, hukumar kula da ingancin kaya, shekara 15 ce, kuma ana buga shekarar ƙira a jikinta, kar a saya wa amarya tsohuwar da aka sake wa fenti don sauƙin dubu biyu. Tiyo a canza shi da ya fara tsagewa ko taurarewa, kuma na gas na ainihi ba na ruwa ba. In da hali silinda ta zauna a waje cikin inuwa, a huda bango tiyo ya shiga. Ƙaramar mai kai a samanta tana da sauƙin kuɗi amma ba ta tuwo ba ce, kina danna muciya tukunya tana rawa, ga wuta zaune a kan silindar kanta, ga yaro mai rarrafe. A wajen cikawa kuma ki sa ido a sikeli kafin da bayan, akwai masu zuba miki kilo biyu da rabi su karɓi kuɗin uku.

Gawayi da itace kuwa, abin da ba ma lissafawa shi ne lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin girki na cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a duniya, ciwon huhu a yara, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, cutar numfashi, ban da yanar ido da yake jawowa. Mu kuma goyo muke a baya muna hura wuta, abin da uwa ta shaƙa jaririn ma ya shaƙa. Gawayi ya fi itace ƙarancin hayaƙin da ido yake gani, amma yana fitar da wata iska mai guba marar launi marar wari, ita ce take kashe mutane a lokacin hunturu in an shigar da garwashi ɗaki an rufe ƙofa don jin ɗumi, mutum barci kawai zai ji ya ɗauke shi shikenan. Wannan ko wane irin murhu ne, mai tsimi ko marar tsimi, gawayi ba ya kwana a ɗaki a rufe. Ta fuskar daji kuma gawayi ya fi itace ɓarna duk da ya fi shi tsafta a gida, don a yadda ake ƙona shi a rami a rufe da ƙasa, sai an ci itace kamar kilo 5 zuwa 8 kafin a samu kilo 1 na gawayi. Duk mai bin hanyar Birnin Gwari ko dajin Falgore ko kudancin Bauchi a shekarun baya ya ga buhuna jere a bakin titi, bishiyoyi ne waɗannan.

Sai na tsakiyar, wanda nake ganin an fi zalunta don ba a san shi ba, wato murhu mai tsimi. Ba wani sihiri a ciki, an dai killace wutar ne ta daina watsewa, an sa abin da yake riƙe zafi, an daidaita inda iska take shiga, tukunya kuma ta zauna daf da wutar. Iri biyu ne. Akwai na gawayi, ƙarfe a waje yumɓu a ciki da 'yar ƙofa a ƙasa da za ki rage ko ki ƙara wuta, mai kyau yana rage cin gawayi da kamar kashi ɗaya cikin uku ko fiye, kenan kilo 4 ɗin nan da muka lissafa ya koma biyu da rabi zuwa uku, a nan kuwa a yawancin kasuwanni ya doke gas a kuɗi. Akwai kuma na itace, wanda aka fi sani shi ne Save80 na wata ƙungiyar Jamus mai suna atmosfair, sun fara yaɗa shi ta Kaduna daga baya suka buɗe masana'anta a Kano. Na ƙarfe ne marar tsatsa, tukunyar tana nutsewa a cikinsa, ƙananan ƙirare ake sa masa, su masu shi sun ce yana rage itace da kashi 80, daga nan sunan ya fito. A gida ba lallai ki kai wannan adadin ba amma bambancin a bayyane yake, ƙiraren da yara za su tsinto ko karan dawa sun isa girkin rana. Yana zuwa da wani akwati da ake saka tukunya a ciki bayan ta tafasa ta ƙarasa nuna da kanta ba wuta.

Aibinsa kuma in faɗa. Sai kin faskara itacen ƙanana, kuma sai kin zauna kusa kina ƙara masa, ba irin gungumen da za ki tura ki tafi wanki ba. Tukunyarsa ce kawai take zama daidai, babbar tukunyar suna ko tandar waina ba za su hau ba. Kuɗinsa ya fi na mangal nesa, duk da ana rage farashin da kuɗin da Turawa suke biya na rage hayaƙi. Na yumɓun kuma in ya faɗi ko aka kashe wutar da ruwa sai ya tsage, kuma kasuwa ta cika da na bogi, an shafa siminti an yi fenti an ce mai tsimi ne, wata biyu ya farfashe. Ki ɗaga ki ji nauyi, ki duba ramukan da toka take zuba ta ciki, ki tambayi wadda ta yi shekara tana amfani da irinsa. Kuma hayaƙin raguwa yake yi ba ɓacewa ba, a tsakar gida ko rumfa mai iska za a ajiye shi.

Dabarar akwatin nan ma ba sai kin sayi komai ba. Shinkafa ko wake in sun tafasa sosai, ki sauke ki rufe ruf, ki naɗe tukunyar da tsohon bargo ki cusa a kwando ko kwali, ki dawo bayan awa ɗaya ko biyu ki ga ikon Allah. Jakar da aka so sayowa guda 18,000 ɗin nan aikinta kenan. Haka jiƙa wake tun dare, rufe tukunya, rage wuta da zarar an tafasa tunda ruwa in ya tafasa ba ya ƙara zafi komai wutar da kika zuga, da tukunyar firesha, mai kulle tururi a ciki, da take dafa ganda cikin kashi ɗaya bisa uku na lokaci. Ni a ganina firesha mai kyau ta fi kan gas na uku da na huɗu amfani.

Lantarki ba zan daɗe a kansa ba. Murhun nan mai maganaɗisu da ake kira indokshin ya fi komai tsimi, kashi 85 zuwa sama yana shiga tukunya, amma tukunyar dalma ba ta aiki a kansa sai wadda maganaɗisu yake kamawa. A lissafi, 'yan Band A, wato rukunin da aka fi ba wuta, da aka kai musu yunit naira 225 a Afrilun 2024 daga baya ya dawo wajen 209, yunit 8 ɗin nan da suke daidai da kilo 1 na gas sun kama kusan naira 1,700 a lokacin, ba su fi gas araha ba. Waɗanda suke ƙananan rukuni wutarsu tana da sauƙi, da za ta zauna da ta fi komai araha, amma ai sauƙin nata na rashin zuwa ne. A Oktoban 2024 yawancin Arewa sai da ta yi sama da mako a duhu saboda lalacewar manyan layuka, wa zai jira wannan da yara suna kukan yunwa. In kina da mita, ki ajiye butar lantarki da tukunyar shinkafa ki ci moriyar wutar in ta zo, iyakarta kenan. Sola ta gida kuma ta fitila da fanka da firji ce, kar a ɗora mata girki sai in an kashe kuɗi mai yawa. Risho da kananzir an wuce wajen, tun da aka cire tallafinta a 2016 take hawa har ta fi fetur tsada. Ramin kashin shanu yana aiki da gaske amma na mai garke ne da ruwa wadatacce, ba na amarya a gidan haya ba.

Saboda haka in kin tambaye ni, abin ya danganta da yawan bakin da ake ciyarwa da kuma yadda kuɗi yake shigowa gidan. Mutum biyu zuwa huɗu a cikin gari, maigida mai albashi ko mai abin da zai cika silinda a lokaci ɗaya, gas ne babba, murhun gawayi mai tsimi ya zama mataimaki na ranar wake da ranar da gas ya yanke. Babban gida mai mutum goma sha, ana tuƙa tuwo kwano biyu kullum, gas zai cinye ku, a nan murhu mai tsimi ne babba, ƙaramar silinda ta zauna don shayin asuba da sahur. Gidan da kuɗin cefane kullum yake fitowa da safe, a daure a yi adashi a sayi murhu mai yumɓu da buhu guda maimakon leda, a hankali zai mayar da kuɗinsa. A ƙauye inda kara da ƙirare suke kyauta kuma wajen cika gas sai an hau mota, zancen gas ma bai taso ba, murhun itace mai tsimi ko ko na laka da aka gina da kyau aka kewaye wutar ya fi duwatsu uku sau nawa. Masu sana'ar abinci, ƙosai, waina, awara, ku ne ma kuka fi kowa buƙatar ɗora gawayinku a sikeli, don a nan ribar take zurarewa.

Mu dai a ƙarshe ga yadda aka yi. An fasa mai kai huɗu, amarya ta ɗan kumbura baki kwana biyu. Aka sayi kan gas na tebur mai kai biyu da sabuwar silinda mai kilo 6, ƙaninmu da kansa ya je ya duba shekarar da aka buga a jikinta ya kuma sa angon ya yi alkawarin huda bango a ajiye ta a waje. Rarar kuɗin ta sayi murhun gawayi mai yumɓu da tukunyar firesha, Yaya ta ƙara buhun gawayi ɗaya a cikin gara. Inna har yanzu ba ta yarda da gas ɗin ba, ta ce ita in ta je ganin ɗaki a tsakar gida za ta zauna, kuma ta saka mafici biyu da tsohon bargonta a cikin kayan, ta ce na naɗe tukunyar wake ne tunda mun ce yana aiki, in bai yi ba a dawo mata da abinta kafin sanyi ya shigo.